Ƙwan Majigi na Ƙarshe

Ku duka kun san labarin majigi, ko in ce kun san rabin da na ga damar ba ku. Babu Sallar da za ku taru a gidan nan ban jawo shi ba: yadda ƙwan fitila biyu suka mutu a hannuna, yadda aka gano cutar majigin, yadda shanun Tsaskiya suka tsira. Kuna dariya, ni ma ina dariya har da buga cinya. Kun kuma sha ganin Dadarku, mahaifiyarku, da zarar na buɗe baki sai ta tattara faifanta ta shige ɗaki. Ke Safiya kin taɓa ce mini ai ta gaji da jin labarin ne. Na bar ki a haka domin ya fi mini sauƙi. To yanzu ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta, ni kuma idona ya fara gudun takarda. Gara in faɗi ɗaya rabin tun ina iya riƙe alƙalami.

Saura shekaru kaɗan Turawa su tafi. Ni ne malamin dabbobi a lokacin, ƙasar Batsari da Safana duk a wuyana, daga ni sai keke da jakar allura. Gidanmu gidan malamai ne, kun sani, kuma ni ne na farko da aka bayar boko. Wallahi abin ya hau mini kai. Gajeren wando, doguwar safa, alƙalami a aljihu ko ba abin rubutawa. Mutum ya yi mini maganar da ban gani a littafi ba, sai in dube shi sheƙeƙe. Ga saurin fushi, wanda ku ma kun ɗanɗana iya rabonku. Dadarku kuwa 'yar Fulanin Tsaskiya ce, Arɗon wurin baffanta ne, wan mahaifinta. Shekararmu shida da aure ba ɗa ba alamarsa a hannu. Ciki biyu ta yi, duka suka zube. A daminar waccan shekarar ta sami na uku, gidan gaba ɗaya ya koma lallaɓa ta. Iya, mahaifiyata, ta hana ta daka, ta hana ta jan guga. Ita kanta tafiya take kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike. Kada ku ɗauka ni ban damu ba. Na damu ƙwarai, ina tashi in yi addu'a a kai, amma ban san yadda namiji ke faɗin irin wannan ga matarsa ba, kuma ban nemi in koya ba.

Kafin ruwa ya sauka ne Baturen dabbobi ya kira ni Katsina ya damƙa mini majigin. Tsoho ne, ya sha hannu, fentinsa duk ya kankare. Baƙin ƙarfe ne mai dogon hanci, da gilashi a bakin hancin. A bayansa akwai ɗakin fitila mai 'yar ƙofa a gefe, ta nan ake sa ƙwai. Ƙarƙashin ɗakin ƙananan ramuka ne a jere, samansa kuma wani murfi kamar hular kwano, an ɗaure shi da ƙusoshi huɗu. Daga batirin mota yake shan wuta. Hotunan na gilashi ne, a jere cikin akwatin katako, ana zura su ɗaya bayan ɗaya: ga saniya mai cutar bushiya, ido na hawaye, baki ya yi gyambo, ga garken da ya ƙi allura kwance a ƙasa, ga wanda aka yi wa yana kiwo. Sai ya miƙo mini ƙwai uku naɗe cikin auduga, ya ɗaga yatsu uku, ya ce da irin Hausarsa ta hanci:

“Uku ne, Malam Iro. Babu wani a Katsina, babu a Kano. Sai jirgin ruwa ya zo.”

Na ce na ji. Na kawo majigin Batsari cikin akwatinsa na ajiye a ɗakin Dadarku, domin duk gidan ɗakinta ne kaɗai ba ya yoyo, kuma shi ke da ƙyauren katako. Ruwa ya sauka, hanyoyi suka yanke, wata huɗu ban ko waiwayi akwatin ba.

Da kaka ta yi sai labari ya fara zuwa daga yamma cewa bushiya ta faɗa wa garkuna. Wanda bai ga cutar nan ba ba zai gane ba. Garke guda takan share cikin 'yan kwanaki, mutum ya wayi gari da sanda kawai a hannu. Allurar rigakafi na nan cikin jakata, amma makiyaya sun ƙi. Suna da dalilinsu: a shekarun baya wasu maruƙa sun mutu bayan an yi musu, kuma Bafulatani ba ya manta saniyar da ya rasa. Na yi magana har muryata ta dishe, a banza. Na ce to bari su gani da idonsu. Da na shiga ɗaukar akwatin sai na tarar murfinsa ba a rufe yake ba, an tokare shi da totuwa. Na fizge totuwar na yar, na ce wa ya taɓa kayan gwamnati.

“Ni ce, Malam,” in ji Dadarku. “Don ya riƙa shan iska.”

Na yi tsaki na ciccibi akwatin. Har na kai bakin ƙofa ta sake magana, murya can ƙasa.

“Malam, halan dole sai an kunna mishi wuta?”

Na yi dariya, na ce to da me za a kunna shi, da nono? Ban juya na dubi fuskarta ba. Da na duba, wataƙila da ba na wannan rubutu.

A Darini na fara. Bayan la'asar aka rufe zauren mai gari da tabarmi ya yi duhu, na rataya farin ƙyalle a bango. Da saniyar farko ta fito a jikin ƙyallen sai zauren ya ɗauki salati, wani tsoho har ya miƙa hannu zai shafa ta. Ni kuwa kai ya kumbura. Muna kan hoto na biyar na ji wani wari, irin na wurin da ake gasa tukwane. Hasken ya yi ja, na ji ɗas, sai duhu. Wani daga baya ya ce aljanin Bature ya yi barci, aka kwashe da dariya, aka yaye tabarmi kowa ya kama gabansa. Na ce musu ƙwan ne ya tsufa, ni ma haka na so in yarda.

Washegari na baje kayan a zauren gidanmu tun da hantsi. Na ɗaga mataccen ƙwan ina duba shi a rana. Zaren cikinsa ya tsinke, gilashin ya yi baƙi daga sama, ya kuma ɗan kumbura a gefe guda. Na gani sarai, amma ban san abin da nake gani ba. Na fara da batir. Kawunansa sun tara wani farin gari, na kankare da wuƙa, na wanke da ruwan toka har suka yi ƙyalli. Na bi waya taƙi-taƙi da yatsa, na sami inda ɓera ya ɗan ɗanɗana, na naɗe wurin. Na buɗe makunni na hure shi. Na leƙa ta 'yar ƙofar gefe, na goge tsatsar mazaunin ƙwai, na ɗago ɗan harshen ƙarfen da ke taɓa gindinsa domin ya kama da kyau. Madubin da ke bayan ƙwai ma na goge shi da gefen rigata. Sannan na yi bisimilla na ɗaura ƙwai na biyu. Na danna makunni, haske ya fito fes. Na kashe nan take don tattali, na ce na gama da shi. Kuskurena ke nan na aiki: ciwon da ba ya tashi sai an jima, na gwada shi da ƙiftawar ido. Murfin sama kuwa ko kallo bai ishe ni ba, domin a wurina ado ne. Duk wunin nan Dadarku ta aiko mini da fura sau biyu, abin da ba ta saba ba. Yanzu na san so take ta ji ko na gano.

A Safana, gaban mutanen hakimi, ƙwai na biyu ya kai hoto na bakwai. Warin nan ya sake tasowa, hasken ya yi ja, ɗas. Na kai hannu jikin ƙarfen, sai da fatar yatsana ta tashi. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, kuma shirun ya fi dariyar ciwo. Kafin in bar garin saƙon Arɗon Tsaskiya ya iske ni. Ya ce ya ji labarin hoton, zai tara mini mazan rugage nan da kwana uku, sau ɗaya tak, albarkacin ɗiyarsa da ke gidana. Bayan nan za su kaɗa shanu su shiga daji. In suka shiga ba allura suka gauraya da garkunan yamma, shi ke nan. Na dawo Batsari da ƙwai ɗaya a aljihu, na kuma san in na ɗaura shi a haka zai bi 'yan'uwansa.

Akwai wani direban babbar mota, Kofur Mati, tsohon soja da ya tuƙa mota a yaƙin Bama. Shi ke tafiya da batirina ya cika mini shi da wuta. Kunnensa ɗaya ba ya ji, saboda haka da ƙarfi yake magana, kuma bai taɓa ɗaukar bokona da wani nauyi ba. Ranar kasuwa na tare shi a tasha na ce batirinsa ne ke kashe mini ƙwai. Bai yi musu ba, ya biyo ni gida. A zaure ya karɓi matattun ƙwan biyu, ya jera su a tafin hannu, ya daɗe yana juya su.

“Malamin shanu, batirina lafiya lau yake. Da wuta ce ta yi yawa, tun danna makunni zai tahi. Kai ka ce sai an jima. Dubi wanga baƙi, dubi wanga kumburi, duka waje ɗaya. Dahuwa suka yi.”

Na ce ai fitila dole ta yi zafi.

“Dole ta yi zafi, dole kuma zafin ya sami hanyar hita. Duk injin da ka sani numfashi yake, kamar ni da kai. Iska ta shiga ta ramukan nan na ƙasa, ta kwashe zafi ta hita ta sama. Kada ka kuskura ka sa na ukun. Samo mini garwashi da abin da ke hayaƙi.”

Na shiga cikin gida na ce wa Dadarku ta ba ni kaskonta da turaren wuta. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ta tambaye ni na mene ne, na ce za mu ga ta inda hayaƙi ke fita a majigi. Ta ajiye faifan a hankali, ta ce in je za ta kawo. Ta biyo ni da kaskon har bayan ƙyauren zaure na ciki, ta miƙo mini. Ba ta koma ba, ta tsaya nan inda baƙo ba zai gan ta ba. Iya kuma ta shigo zauren ta zauna a gefe, ta gaisa da Kofur.

Kofur ya ɗora garwashi ɗaya a kan tsingaro, ya barbaɗa turare, ya zura cikin ɗakin fitila ya rufe 'yar ƙofar. Muka zuba ido. Hayaƙi ya fara fitowa ta ramukan ƙasa, ya fito ta gefen ƙofa, yana malala a kan tabarma. Ta sama kuwa ko sili babu.

“Ka gani? An shaƙe mishi wuya,” in ji Kofur.

Ya ciro sukundireba daga aljihu ya kwance ƙusoshin nan huɗu, ya ɗaga murfin. Sai ga gidan zanzaro. Ya kai dunƙulen hannu, jar ƙasa irin ta bakin rijiyarmu, ɗaki a kan ɗaki, ya cika maƙogwaron ƙarfen daga bango zuwa bango. Ta 'yar ƙofar gefe ba a ganinsa. Zafin ƙwai biyu ya gasa shi ya yi tauri. Kofur ya fashe da dariya, ni ma na buɗe baki zan yi, sai murya ta fito daga bayan ƙyaure.

“Malam, don Allah, don Annabi, kada ka fasa.”

Tun da muka yi aure ban taɓa jin ta ɗaga murya inda namijin waje zai ji ba. Kofur ya haɗiye dariyarsa ya sunkuyar da kai. Iya ce ta yi bayani.

“Iro, saurara. Satin da yarinyar nan ta san tana da juna biyu, a satin zanzaron nan ya fara shiga akwatinka da ƙasa a baki. Ta nuna mini, na ce mata bushara ce. Haka muka taso muka ji, in ya yi gini a ɗakin mace, haihuwa na tafe, kuma ba a rushe mishi sai 'ya'yansa sun huda sun hita. Ni na ce ta tokare murfin. In laifi ne, nawa ne.”

Sai totuwa ta faɗo mini a rai, da tambayar da ta yi mini a bakin ƙofa, da furar nan sau biyu. Ashe sun sani. Na sha dariya a Darini, na sha kunya a Safana, na ƙona yatsa, ina ta kankare batir kamar wawa, su kuwa suna kallona. Ga shi kuma an tona a gaban baƙo cewa gidan malamin boko, ɗan malamai, da ƙwaro ake duba. Na ji kaina ya ɗauki zafi. Kofur ya lura, ya kama hannun rigata, kuma karo na farko a sanina da shi ya yi magana a hankali.

“Sannu, Malam, sannu. Bari in bi gefensa da bakin wuƙa, zai ɓamɓaro ɗungurungum, ka ba ta abinta. Ba zai kai lokacin shan fura ba.”

Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne abin da na ɓoye muku shekara da shekaru. Ba dole ba ne a fasa. Akwai hanya, an nuna mini ita, akwai kuma lokaci, sauran kwana biyu. Shanun Tsaskiya ba su nemi abin da na yi ba. Na fizge sukundireba daga hannun Kofur, na juya wajen ƙyaure, na ce da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji:

“Shanun iyayenki su mutu saboda ƙasa da ƙwaro? Biyun da suka zube, wa ya fasa musu gida?”

Na faɗa. Da bakin nan nawa na faɗa, ga matar da ta kwana tana kuka a kan kowane ɗayansu. Sannan na caka ƙarfen a tsakiyar ginin na murɗa. Ya tarwatse a kan tabarma. A ciki akwai busassun gizo-gizo da uwar ta tara, akwai kuma 'ya'yan, ƙanana, sun ƙandare sun yi ja. Zafi ya kashe su tun a Darini. Suka gangaro har kusa da ƙyaure, ta inda take leƙe. Na jira in ji kuka, ban ji ba. Ƙarar awarwaronta kawai na ji tana nisa.

Iya ta dube ni ta ce, “Allah Ya shirye ka, Iro.” Ta durƙusa da tsufanta ta tattara gutsattsarin da hannu, ta ƙulle a gefen zane ta shige. Kofur ya jawo majigin gabansa. Ya hure maƙogwaron, ya mayar da murfi, ya ƙara turare a garwashin. Hayaƙi ya miƙe ta sama sambal. Muka ɗaura ƙwai na uku muka bar shi a kunne ya daɗe, Kofur yana riƙe da zaren auduga a kan murfin, zaren yana kaɗawa. Ƙarfen ya yi ɗumi kawai. Da zai tafi na bi shi da godiya, ya ce in bar godiyar, in shiga gida. Ban shiga ba, na tsaya shirya akwati.

Sauran kun san shi, shi ne wanda nake ba ku. A Tsaskiya bayan magariba aka ɗaure farin ƙyalle tsakanin itatuwa biyu. Na nuna hotunan tun daga farko har ƙarshe, aka ce in sake, na sake, ƙwai ko gezau. Da saniya mai gyambon baki ta fito, Arɗo ya miƙe tsaye ya yi magana da Fulatanci. Ya ce ita ce, ita ta cinye garken mahaifinsa yana yaro. Da safe shanunsa ya fara kawowa, sauran suka biyo baya. Kwana tara ina allura har hannuna ya ƙage. Bushiya ta zo shekarar, ta yi ɓarna a yamma, garkunan Tsaskiya suka wuce lafiya. Ranar da zan taho Arɗo ya riƙe hannuna ya ce yaya ɗiyata. Na ce lafiya lau take.

Na dawo na tarar an fitar da mazaunin akwatin daga ɗakinta, an share wurin. Ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta kawo tuwo, komai yadda aka saba, sai dai ba ta haɗa ido da ni. Na ce a raina za ta huce. Bayan mako uku, da rana tsaka ina ɗaure keke, na ga mata suna shiga gidanmu da sauri. Cikin ya zube. Namiji ne, an riga an halicce shi da komai, har da farce. Baba Malam, mahaifina, ya naɗe shi a farin ƙyalle, aka sa shi a bayan ɗakinta. Kuna da wa, ba ku sani ba, domin ba ni ba ita, babu wanda ya iya ɗauko zancen.

Bayan kwana biyu na sami Baba Malam a zaure shi kaɗai, almajiransa manya sun tashi. Na zauna na daɗe, sannan na tambaye shi ko abin da na yi ne ya jawo. Ya rufe littafinsa.

“A'a. Rai na Allah ne, ƙasa ba ta riƙe shi, ƙwaro ba ya ba da shi. Abin da uwarka ta faɗa camfi ne, na kuma gaya mata. Kada ka sa wannan a ranka.” Har na fara jin sanyi, sai ya ci gaba. “Amma maganar da ka yi, ina ɗakina na ji ta. Wannan taka ce, ba ta ƙaddara ba. Yarinya na tsoro ta sami ɗan abin riƙewa, kai da ya kamata ka zama abin riƙewar ka buge mata hannu. Tashi ka je ka nemi gafararta.”

Na ce to. Na tashi na je ƙofar ɗakinta, na tsaya, na yi gyaran murya. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Maganar na nan a bakina, wallahi tana nan. Sai na ji kaina ina tambaya ko an kawo mata ruwan zafi. Ta ce an kawo. Na juya na fita, na ce gobe. Goben nan ita ce ta kai shekara arba'in da wani abu.

Daga baya Allah Ya ba mu ku biyar, ɗaya bayan ɗaya, ba zanzaro ba komai. Ta riƙe ku, ta riƙe ni, ta yi jinyar Iya har ta rufe mata ido. Ba ta taɓa tayar da zancen ba ko da faɗa ya haɗa mu. Abu biyu kawai na lura: ba ta sake ƙona irin turaren nan ba, kuma duk inda ake majigi ba ta zuwa, ko da na silima ne da ya zo daga baya kowa na rububi. Ni kuma, maimakon in je in durƙusa, sai na mai da abin labarin ban dariya. Na yanke ta daga ciki, na yanke Iya, har dabarar hayaƙin Kofur wani lokaci nakan ce tawa ce. Ina jin ina so ne in faɗe shi sau da yawa har ya zama haka aka yi. Kowace Sallah ina zaune a tsakiyarku ina ba da shi, ita tana bayan labule tana ji.

Safiya, kin tuna ranar da kuke raba kayanta, kika fito da wani tsumma a ƙulle daga ƙasan babbar kwallarta? Kika kwance kika ce, Baba, wannan ƙasar fa, magani ne? Na ce ba ni. Kin ga na shige ɗaki ban fito ba sai magariba. Gutsattsarin ginin nan ne. Iya ta ba ta. A jikin babban har yanzu ana ganin shaidar bakin sukundireba. Aiki ya kai mu gari uku, mun sauya gida huɗu, ta zubar da kaya da yawa a hanya, wannan ba ta zubar ba.

Ƙullin yana cikin akwatina, ƙarƙashin takardun aiki. In na tafi, ɗayanku ya kai shi tsohon gidanmu na Batsari ya zuba ƙasar a bayan ɗakinta, inda wanku yake, ku yi masa addu'a ku yi mata. Kuma daminar nan wani zanzaro ya fara gini a kusurwar tagar ɗakina. Na san abin da Baba Malam ya faɗa, na kuma yarda da shi ɗari bisa ɗari. Duk da haka in kun zo shara ku bar shi.

Ban taɓa kiran sunanta ba tana raye, haka muka taso, ana ganin rashin kunya ne. Yau zan rubuta shi, ku ne shaidu, tunda na bari har babu mai amsawa. Hurera, akwai hanya, an nuna mini, na ƙi bi. Ban kyauta ba. Ki yafe mini.